Yadda ake ɗora tsohuwar manhaja a intanet

Hukumar NECO, wadda hedikwatarta ke Minna, tana shirya jarrabawar kammala sakandare tun shekarar 2000, kuma yau ɗalibi a wayarsa yake duba sakamako. Duk hukumar da ta tara bayanan shekaru haka sai ta tsaya ta yi tunanin makomar tsohuwar manhajarta.

Watsi da ita ganganci ne, domin ƙa'idojin aiki a cikinta suke, wasu ma babu su a takarda. Shi ya sa hanyar da ƙungiyar OMG mai tsara ma'aunan manhaja ta fitar a 2001 ta fi kwanta mini: gini bisa taswira. Injiniyoyi su bi tsohuwar manhajar layi-layi, su zana abin da take yi, galibi da harshen zane na UML, su ware ƙa'idojin daga na'urar da suke gudana a kai. Daga taswirar nan wata manhaja ke rubuta yawancin sabon tsarin, ƙananan hidimomi a intanet, kowace da aikinta: misali, wata ta karɓi lambar jarrabawa, ta mayar da sakamako.

Zanen ne mai wuya. Ƙa'idar da aka tsallake a taswira ba za ta fito a sabon tsari ba, don haka a bar tsohuwar tana aiki, ana gwada amsoshin biyun, kafin a kashe ta.