Ko Ka Sani? Wuƙar Maƙera da Wuƙar Kanti, Wacce Ta Fi Ƙarko?

Ko ka san cewa wuƙar da mahaucin garinku ke fiɗa da ita, mai yiwuwa ne ta yi shekaru tana ɗaukar nauyin buhunan hatsi a ƙarƙashin wata tsohuwar mota? Mafi yawan wuƙaƙen ƙwarai da maƙeranmu ke ƙerawa, daga sifirin ɗin mota ake yanko su. Duk wanda ya zaga kasuwar Talata Mafara, musamman da gabatowar Babbar Salla, zai ga iri biyu a shimfiɗe: baƙar wuƙar maƙera mai ƙotar icce, da farar wuƙar kanti mai mariƙin roba, wadda ƙyallinta ke ɗaukar ido. Dukansu ba a naɗe su, ruwan wuƙar a kafe yake cikin ƙota. Amma ƙarkonsu ba ɗaya ba ne, kuma ba daga ƙyalli ake gane shi ba. Abu uku ne ke yanke hukunci: irin ƙarfen, ban ruwan da aka yi masa, da yadda aka haɗa shi da ƙota.

Ƙarfen da ke cikinsu

Kakanninmu tama suke haƙowa su narka. Masu binciken tarihi sun gano alamun narka ƙarfe a Dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na 7. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Ƙaura Namoda a 1929, sai tsofaffin ƙarafan Turawa suka yawaita, narka tama ta yi ta ja da baya. A cikin waɗannan ƙarafa ne maƙera suka gane cewa sifirin ya fi kowanne riƙe kaifi.

Dalilin kuwa shi ne sinadarin kabon, wato ainihin abin da ke cikin gawayi. Ƙarfen sifirin yana ɗauke da kusan kashi 0.6 cikin ɗari na kabon. Wannan ɗan adadi ne ke sa ya yi tauri idan an ba shi ruwa, ya kuma lanƙwasa ya dawo ba tare da ya karye ba, tunda dama an yi shi ne don ya jure ramukan hanya. Rodin gini da langa-langar durom kabon ɗinsu kaɗan ne, shi ya sa wuƙar da aka yi da su ba ta daɗewa take dakushewa, komai gwanintar maƙeri.

Ita kuwa farar wuƙa, da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin ta. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya shahara da gano shi a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, wanda sai ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari kafin ƙarfe ya shiga wannan sahu. Kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wa ƙarfen wani rufi siriri da ido ba ya gani, kuma ko an karce shi sai ya sake toho. Wuƙaƙe masu araha, waɗanda galibi daga Sin suke zuwa, inda birnin Yangjiang ya yi suna wajen ƙera su, sukan ɗauki kuromiyam kusan kashi 13, amma kabon ɗinsu bai cika wuce kashi 0.3 ba. Ke nan sun tsira daga tsatsa, amma sun rasa rabin abin da ke riƙe kaifi.

Ban ruwa, inda gwani ke fita daban

Maƙeri yakan hura wuta da zuga-zugi, kuma gawayin ƙirya ya fi so saboda zafinsa da daɗewarsa. Ya kama ƙarfen da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya yi ta duka da masaba har bayan wuƙar ya yi kauri, bakinta ya yi siriri. Wannan sura ce ke ba ta ƙarfin shiga gaɓa ba tare da ta yi lilo ba. Wuƙar kanti mai araha kuwa, inji ne ke datse ta daga fallen ƙarfe, kaurinta kusan ɗaya daga ƙota har tsini, shi ya sa take lanƙwasa idan ta gamu da guringuntsi.

Bayan an fitar da sura sai ban ruwa. Ana gasa wuƙar har ta yi ja wur, zafin ya haura digiri 800, sannan a tsoma ta cikin mai ko ruwa. Ko ka san cewa idan zafin ƙarfe ya kai digiri 770, maganaɗisu ba ya kama shi? Maƙera a ƙasashe da dama da wannan suke gane cewa lokacin tsomawa ya kusa. Namu kuwa da launin wuta suke aunawa, abin da ɗa ke koya a gaban ubansa shekara da shekaru.

Da zarar an tsamo ta, taurinta ya yi yawa, tana iya fashewa kamar tangaran. Dole a sake ɗumama ta a hankali, wajen digiri 200, har bakinta ya ɗauki launin busasshen kara. A nan ake samun daidaito tsakanin tauri da juriya. Idan maƙeri ya yi gaggawa, ko dai wuƙar ta yi laushi, ko kuma bakinta ya riƙa ɓantarewa. Wannan ne raunin wuƙar maƙera: biyu daga hannu ɗaya ma suna iya bambanta. Haka nan tsohon sifirin yakan ɓoye tsaga saboda wahalar da ya sha. Ta masana'anta kuwa, ta farko da ta dubu kusan ɗaya suke.

Wutsiya da ƙota

Wuƙa ba ta cika mutuwa daga baki ba, daga wuya take mutuwa, wato mahaɗar ƙarfe da ƙota. Kowace wuƙa tana da wutsiyar ƙarfe da ke shiga cikin mariƙi. Mafi ƙarko ita ce wadda wutsiyarta ta ratsa ƙotar har ƙarshe, aka danne ta da ƙusoshi ko aka tanƙware ta ta baya. Da yawa daga cikin masu araha na kanti wutsiyarsu guntuwa ce, an zuba mata roba kawai, wani lokaci ma ƙusoshin da ake gani na ado ne. Idan robar ta tsage, wuƙar ta gama aiki.

Ƙotar icce ma tana da nata raunin. Takan bushe ta saki a lokacin hunturu, ta kumbura da damina, kuma jini da kitse kan maƙale a cikin tsagarta. A fannin tsabta, mariƙin roba ya fi sauƙin wankewa. Sai dai ƙotar icce idan ta lalace, cikin yini ɗaya ake sauya wata, baduku kuma ya ɗinka sabon kube.

Tsatsa da wasawa

A nan farar wuƙa ta yi zarra. Manoman rani da masu sayar da kayan miya a Bakura da Maradun da Mafara, yankin da ruwan madatsar Bakolori ke shayarwa tun bayan kammala ta a 1978, sun san yadda ruwan tumatir da albasa ke baƙanta wuƙar maƙera, har ya ɓata launin abin da ake yankawa. Baƙin da ke hawa kanta ba illa ba ne, yana ma rage mata kamuwa da tsatsa. Jar tsatsa ce ke cin ƙarfe, kuma kwana ɗaya a jiƙe ya isa ta fara. Farar wuƙar ma ba ta son a bar ta cikin ruwan gishiri, domin yana huda mata ƙananan ramuka.

Wajen wasawa kuwa, baƙar ta fi. 'Yan gugawa kaɗan a kan dutse, sai ta aske gashin hannu. Fara mai araha bakinta naɗewa yake yi, a wasa da safe, kafin azahar ta dakushe. Akwai fararen wuƙaƙe na ƙwarai, irin na kamfanin Victorinox na Suwizalan da na birnin Solingen na Jamus, masu haɗa kaifi da tsira daga tsatsa, amma kuɗinsu ya ninka na kasuwarmu sau da yawa. Batun kaifi kuma ba na kasuwa kaɗai ba ne. A hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa, ya hutar da dabbarsa.

Kafin ka biya kuɗi

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka goga magagari a bakin wuƙar: idan ya zame, ta sha ruwa yadda ya kamata, idan ya ci ta da sauƙi, laushi gare ta. Ka bi mariƙin roba da maganaɗisu, inda ya daina kamawa nan wutsiya ta tsaya. Ka girgiza ƙota ka ji ko tana motsi. Ka tambayi maƙeri kai tsaye ko sifirin ne ko rodi.

Don yanka da fiɗa da aikin shekaru, wuƙar sifirin daga hannun maƙerin da ya iya ban ruwa ta fi ƙarko, domin ana wasa ta, ana gyara ta, ana gadonta. Don tumatir da albasa da lemo, fara ta fi dacewa. Kada a sari ƙashi da ɗayansu, wannan aikin adda da gatari ne. Idan ka gama aiki, ka wanke wuƙarka, ka goge ta ta bushe, ka shafa mata man gyaɗa, ka ajiye ta inda hannun yara ba ya kaiwa. Kuma idan Salla ta matso, ka nemi maƙerin garinku tun da wuri, domin cinikinka ne ke raya wannan sana'a.