Rawar ɗari bayan tiyata: bargo kafin allura

Matar da aka yi wa aiki aka ciro mata jariri, ko mutumin da aka cire wa harsashi, sau da yawa sukan fito daga ɗakin tiyata jiki na karkarwa, haƙora na haɗuwa, har gadon na motsi. 'Yan uwa su ce zazzaɓi ne, wasu ma su fara zargin iska. Galibi sanyi ne. Allurar barci da allurar baya duk suna buɗe jijiyoyin jini na fata, ɗumin da ke can ciki ya kwararo waje, zafin jiki ya sauka da digiri 1 ko fiye cikin awar farko. Ga ciki a buɗe, ga ƙarin ruwa mai sanyi yana bin jijiya. Da maganin ya fara sakin mutum, sai jiki ya sa tsoka rawa don ya nemo ɗumin da ya rasa.

Likitoci na da magungunan tsayar da wannan rawa. Fetidin daɗaɗɗe ne, akwai tiramadol, akwai kuma masu kwantar da jiki irin su deksmedetomidin, wanda Amurka ta amince da shi a 1999. Aikinsu yana da kyau, amma a lura da yadda suke yinsa: suna sa ƙwaƙwalwa ta haƙura da sanyin ne, ba sa ƙara wa jiki ɗumi ko kaɗan. Rawa ta tsaya, mara lafiya yana nan da sanyinsa. Sanyin nan kuwa yana hana jini daskarewa da wuri, yana jinkirta warkewar rauni. Binciken Kurz da Sessler na 1996 kan masu aikin hanji ya nuna raunin waɗanda aka bari da sanyi ya ruɓe a kashi 19 cikin 100, na waɗanda aka ɗumama kashi 6 kacal.

Wannan ya sa a gari irin Birnin Gwari, mai nisa da manyan asibitoci, ya kamata ɗumamawa ta riga allura. Deksmedetomidin na rage bugun zuciya da ƙarfin jini, fetidin na iya danne numfashi. A asibitin koyarwa na Shika ko na Barau Dikko akwai ƙwararrun da za su tare matsalar nan take. Daga Birnin Gwari kuwa Kaduna ta wuce kilomita 100, a kan hanyar da 'yan bindigar daji suka yi shekaru suna tarewa kafin sulhun da aka yi da su a 2024. Wanda numfashinsa ya yi rauni da tsakar dare ba zai jira wannan tafiya ba. Bargo a rufe ƙirji da kai tun kafin a fara aiki, ruwan ƙari a ɗumama shi daidai zafin jiki, fanka a kashe, musamman da hunturu: duk ba su fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba.

Wani zai ce ita ma rawar haɗari ce, kuma gaskiyarsa. Tana cin iskar oksijin sosai, tana tsananta zafin ɗinki, wanda ya zubar da jini ko mai ciwon zuciya ba shi da rarar da zai kashe a kanta. Irin wannan a ba shi allura, babu musu, amma da bargonsa, da na'urar awon oksijin maƙale a yatsa, da ma'aikacin jinya a gefensa. Kafin nan a sa ma'aunin zafi, domin zazzaɓin cizon sauro, da ruɓewar ciki, da ƙarin jinin da jiki ya ƙi karɓa duk suna kawo karkarwa, kuma maganin kwantar da jiki zai iya rufe alamarsu alhali cutar na ci gaba.