Hakkin Mai Lambu a Ruwan Kogi

A fiƙihun Malikiyya ruwan kogi ba mallakar kowa ba ne. In ya yi ƙaranci, na sama shi ke fara ban ruwa, in ya kai idon sawu sai ya sakar wa na ƙasa. Dokar Ruwa ta 1993 ta sa kogunan da suka ratsa jihohi a hannun Gwamnatin Tarayya, amma ta bar wa mai gona a gaɓa ya shayar da lambunsa kyauta.

To, tun da aka datse Tiga a 1974, da Challawa a 1992, na sama ga manoman ƙasar Jahun, inda Aujara take, ba maƙwabci ba ne da za a kai gaban alkali. Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ce, wadda sakin ruwan ke hannunta.