Yardar da Ake Karɓa da Dabara

Tun Disamba 2020, da gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, lambobin shaida suka zama haja. Mazaunin unguwar Kawo ko Badarawa a Kaduna ba ya buɗe asusu sai ya miƙa NIN ko BVN, masu ƙera manhajoji kuwa sun gano hanyar karɓar fiye da abin da suke buƙata.

Dabarar ta fi fitowa fili a manhajojin bashi. Maɓallin amincewa ƙato ne mai launi, na ƙin yarda kuwa an dusashe shi a gefe, ko ma babu. Sharuɗɗan dogaye ne, da Turancin lauyoyi. A ciki ake cusa izinin shiga lambobin da ke wayar mutum da hotunansa. Magidancin da ke neman kuɗin magani da tsakar dare ba zai tsaya karatu ba, kuma masu manhajojin sun san haka. Ranar da ya makara wajen biya, sai saƙo ya isa ga surukansa da abokan kasuwancinsa cewa ɓarawo ne. A garin da ake karɓar kaya bashi da mutunci, wannan ya fi ruwan bashin ciwo.

Akwai wata matsalar da ba a cika faɗa ba. A rumfunan rajista da na POS, irin na bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sau da yawa yaron shago ne ke danna komai a madadin dattijuwar da ta miƙa masa waya. Yardar wa ke nan?

Hukumomi sun motsa. Hukumar NITDA ta ci kamfanin ba da bashi na Soko tarar naira miliyan 10 a 2021, Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobin waya da hotuna a 2023. Amma a Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafin da ke sayar da bayanan NIN a kan naira 100. Layi ana sauya shi, NIN kuwa ɗaya ce har mutuwa, don haka ɓarnar ba ta gyaruwa.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba kowa damar janye yardarsa. A ganina nan ya kamata hukumar kare bayanai ta NDPC ta matsa: ta tilasta wa kamfanoni su sa maɓallin janyewa a fili, da Hausa, daidai girman na amincewa.