Karatun Adabi Ko Gyaran Kayan Lantarki: Abin Da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani Kafin Ya Cike Fom Ɗin JAMB

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, akan samu matasa a shagon kwamfuta sun riƙe waya suna tambayar abokai a WhatsApp wane kwas za su zaɓa. Wani Tarihi ko Hausa yake so amma ana tsorata shi da rashin aiki. Wani kuma hannunsa ya faɗa kan gyaran fanka da firji, amma ajin adabi ya yi a sakandare, wato abin da ɗalibai ke kira Art. Kuskure a wannan gaɓa yakan jawo asarar kuɗin fom da shekara guda cur, domin sau ɗaya ake jarrabawar a shekara. Hanyoyin biyu kowace da ƙofarta, kuma ba dole ne shiga ɗaya ya rufe ɗayar ba.

Abin da ke cikin ɓangaren adabi

Ɓangaren ya ƙunshi Tarihi, Turanci, Hausa, Larabci, Faransanci, Kimiyyar Harshe, Falsafa, Wasan Kwaikwayo da nazarin addini. Ana samun yawancinsu a Jami'ar Bayero ta Kano, Ahmadu Bello ta Zariya, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar UTME, wadda ake rubuta darussa huɗu a cikinta, Turanci dole, jimillar maki 400. Ana kuma neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu. Wanda bai samu jami'a ba yana iya shiga kwalejin ilimi ya yi NCE na shekara uku, daga baya ya nemi digiri ta shigar kai-tsaye.

Koyarwa da aikin jarida su ne aka fi sani, amma wayar hannu ta buɗe wasu ƙofofin. Tun 2013 Google Translate ya ɗauki Hausa, kuma har yau manhajoji na buƙatar masu fassara, masu duba rubutu da masu sa fassara a ƙasan bidiyo. Sai dai takardar digiri kaɗai ba ta kawo irin wannan aikin. Wanda ya iya ƙa'idar rubutu, ya kuma saba da kwamfuta, shi ke samu.

Ƙofofin gyaran kayan gida

Ta farko ita ce kwalejin fasaha, wadda ake shiga bayan aji uku na ƙaramar sakandare. Ana shekara uku ana koyon sana'o'i irin su gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, haɗa wayar wutar gida, da gyaran rediyo da talabijin. A ƙarshe a rubuta jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, a karɓi takardar NTC. Wannan takardar ana karɓarta wajen neman gurbin karatu na gaba.

Ta biyu ita ce foliteknik, kamar ta Kaduna ko ta Jihar Kano, waɗanda hukumar NBTE ke sa wa ido. Ana yin difloma ta ND shekara biyu a injiniyancin lantarki ko na inji, a fita shekara guda don samun gogewar aiki, a dawo a yi HND shekara biyu. A nan ne ɗan ajin adabi ke cin karo da bango: ana buƙatar Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Wanda bai yi su ba, kome yawan makinsa, ba zai samu gurbin ba sai ya sake zama jarrabawar.

Ta uku ita ce wadda aka gada, wato zama a shagon maigida har a yaye mutum. Ba a tambayar kiredit a nan. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ana iya mai da wannan ƙwarewar takarda. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwajin sana'a mai matakai uku, daga na uku zuwa na ɗaya, kuma akwai tsarin NSQ na hukumar NBTE, wanda ke auna abin da hannun mutum ya iya a wurin aiki. Takardar tana amfani ranar da za a nemi aiki a kamfani, otal ko asibiti.

Me ya sa gyaran yanzu yake buƙatar karatu?

Kayan gida sun canza. Tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki kwampiresonta kunnawa da kashewa kawai yake yi. Ta zamani mai inbata tana da fanel na lantarki da ke rage ko ƙara gudun kwampireso gwargwadon zafin ɗaki, shi ya sa take cin wuta kaɗan. Idan ta samu matsala sai ta nuna wata lamba, kuma ma'anar lambar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Dole mai gyara ya nemo littafin na'urar a intanet, ya karanta da Turanci, ya auna da mita kafin ya kwance komai. Wutar Najeriya an tsara ta ne a kan bolt 230, amma hawa da saukarta na yawan ƙona irin waɗannan fanel ɗin, don haka aikin ba ya yankewa.

Akwai kuma hatsarin da bidiyon YouTube na minti biyar ba ya faɗi. Gas ɗin R600a da ke cikin firji na zamani da yawa yana kama wuta, saboda haka ba a kai masa harshen wuta yadda aka saba yi da tsohon gas. Kafasito na cikin na'urar ɗumama abinci yana riƙe wutar da ta kai wajen bolt 2,000 ko bayan an zare soket, kuma tana iya kisa. Waya tana taimakawa wajen neman bayani, amma ba ta maye gurbin maigidan da zai tsaya a kan ɗalibi.

Yadda ake haɗa biyun

Ɗalibin adabi ba ya da zaman ɗakin gwaji kamar ɗan kimiyya, don haka yakan samu yammaci da ranakun ƙarshen mako. Ga dogon hutu, ga kuma lokutan da makaranta ke tsayawa: yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas. Wanda ya yi wannan lokacin a shagon gyara zai iya fara karɓar ƙananan ayyuka irin su fanka, dutsen guga da injin markaɗe, har ya riƙa sayen takardun karatunsa da kansa. Kayan farawa ba su da yawa: mita, sukundireba, filaya, ƙarfen haɗa waya da dalma.

Haka mai gyaran da ke sha'awar digiri. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana da darussa irin su Turanci da nazarin addini, kuma yawancin karatun a waya ko kwamfuta ake yi, ba sai an rufe shago ba. Mai gyaran da ya iya rubuta takardar farashi, ya iya yi wa mai kaya bayanin abin da ya lalace a fili, shi ake kira idan aiki babba ya taso.

Kafin a biya kuɗin fom, ya kamata ɗalibi ya buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB da ke shafinta na intanet, ya gwada darussan da ake buƙata da sakamakon da ke hannunsa. Idan sun dace, ya cike. Idan ba su dace ba, ya sauya kwas tun a gida, sannan ya je ya gaida maigidan da ke gyara a unguwarsu ya tambaye shi ko akwai wuri.