Sana'ar shirya neman aure: Ko za ta karɓu a Banyo?

A 'yan watannin nan, kusan duk lokacin da muka buɗe layin waya a filinmu na matasa a gidan rediyo sai an sami mai tambaya a kan wata sana'a da suke gani a WhatsApp da TikTok, wato masu shirya wa saurayi wurin da zai nemi auren budurwarsa. A Duwala da Yawunde akan kama ɗaki a otal, a ƙawata shi da furanni, a ɓoye mai ɗaukar hoto, saurayi ya durƙusa da zobe, mai shirin kuma ya karɓi ladansa. Tambayar ita ce, ko malamin makaranta ko tela zai iya haɗa wannan da aikinsa a nan Banyo?

Amsar da muke bayarwa ita ce, idan dai durƙuson ne, to a manta da shi. A wurinmu, Bahaushe ne ko Bafillace ko Babute, saurayi ba ya neman aure da bakinsa. Yakan daidaita da yarinya a zance, amma maganar ba ta zama magana sai baffanninsa sun je gaban waliyyinta da goro da kuɗin gaisuwa. Wanda ya tsallake wannan ya kai 'yar mutane otal da sunan ba-zata, ranar zai rasa auren, mai shirin kuma ya rasa mutuncinsa a gari.

Sai dai sana'ar ba baƙuwa ba ce, suna kawai ta sake. Tun muna yara mun san dillaliya mai shiga gida-gida, mun san mai dalilin aure, mun kuma san gwaggon da ake kira duk lokacin da za a haɗa lefe domin ita ta san atamfar da dangin amarya ba za su raina ba. Bambancin shi ne a da tukwici ake ba su, yanzu kuwa ana so a yanka farashi.

Inda kuɗin yake shi ne wurin 'yan garin da ke nesa. Ɗan Banyo da ke aiki a Garwa ko Ngaundere ko Yawunde ba zai iya barin aiki ya bi hanyar Tibati ko ta Fumban sau huɗu ko biyar ba, balle da damina. Yana buƙatar wanda zai tura wa kuɗi ta Orange Money, ya sayi goro da alewa da akwatuna, ya nemo motar da za ta ɗauki dattawa, ya tuna wa kowa ranar baiko da ta sa rana, ya kuma san cewa abin da dangin Mayo Darle ke jira daban yake da na dangin da ke tsallaken iyaka a Gembu, inda lissafin ma da naira ake yi. Jarin bai wuce waya da littafin rubutu ba. Kasuwar kan buɗe bayan kaka da kuma watan Sha'aban, lokacin da kowa ke son amarya ta tare kafin azumi.

Littafin nan kuwa kada a raina shi. Mun ga abin da rashinsa ya jawo a cikin danginmu, inda aka damƙa wa wata mata kuɗin lefe ba tare da an rubuta komai ba. Da maganar ta lalace bayan baiko, dangin yarinya suka dawo da kaya, sai aka tarar turmi uku ba su cika ba. Matar ta rantse haka ta kai, su ma suka rantse haka suka karɓa. Har yau gidajen biyu ba sa zuwa sunan juna, alhali da an ƙirga a gaban shaidu biyu an sa hannu, da ba a kai nan ba.

Akwai kuma doka, wadda yawancin masu kiranmu ba su taɓa ji ba. Dokar rajistar farar hula ta 1981 ta ce a sanar da ofishin magajin gari aƙalla wata guda kafin auren hukuma, kuma a takardar ake rubuta ko mace ɗaya mijin ya zaɓa ko fiye. Ma'aikacin gwamnati da ya tsaya ga fatiha kaɗai, matarsa ce za ta sha wahala ranar neman haƙƙinsa. Kundin hukunta laifuffuka na 2016 kuma ya tanadi ɗauri ga mai auren dole da mai aurar da wadda ba ta kai shekara 18 ba, har ma da mai tsawwala kuɗin aure. Mai shiri da ya karɓi aikin yarinya 'yar 15 ya sa ƙafarsa a ciki. A Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, abin da wasu iyaye a nan suka fara nema da kansu, saboda haka ya kamata mai shiri ya san asibitin da zai tura mutane, ya kuma iya riƙe bakinsa kan sakamakon.

Abin da ya fi damunmu shi ne tsada. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ce mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, amma lefe ya riga ya danne samari da yawa. Idan ladan mai shiri kaso ne daga kuɗin kaya, to kullum zai so akwati ya ƙaru. Shi ya sa muke ba masu kiranmu shawara su yanka lada tsayayye tun farko, akwati biyu ne ko shida.

Wata mai ɗinki da ta kira mu a makon jiya ta ce ta riga ta sayi littafinta, amma ta rasa yadda za ta gaya wa gwaggonta, wadda ta shekara talatin tana haɗa lefen unguwa a kan tukwicin turmi ɗaya, cewa ita kuɗi za ta riƙa karɓa.