Yadda Ake Gane Farashin Rana: Amsar Tambayoyin 'Yan Kasuwa da Dillalai

Tambayoyi sun taru a wurinmu game da lissafin farashi, kuma yawancinsu abu guda suke nema. Mutum ya shiga Dawanau ta Kano, ko wata kasuwar hatsi, ya tambayi mutum bakwai kuɗin buhun gero, ya ji kuɗi iri bakwai. To, wanne ne farashin ranar? Masu ilimin ƙididdiga suna da hanyoyin warware wannan, ba su kuwa fi ƙarfin wanda ya iya tarawa da rabawa ba. Kuɗaɗen da za mu ambata a ƙasa misali ne kawai, kada a ɗauke su farashin wata rana.

Tambaya ta farko: wane kuɗi za a rubuta?

A rubuta kuɗin da aka sallama, ciniki ya faɗa, aka biya. Kuɗin da mai kaya ya yanka fata ne, kuɗin da mai saye ya taya aka ce masa albarka shi ma fata ne. Sa'an nan a rubuta ma'auni tare da kuɗin, domin mudun wani gari ba na wani gari ba ne, buhu mai kwano 40 kuma daban yake da wanda aka rage masa ciki. In ma'auni ya saɓa, lissafin da aka ɗora a kansa duk ya rushe.

Tambaya ta biyu: in an tara an raba, shi ke nan?

Ba kullum ba. Mu ɗauka an yi ciniki bakwai na gero, ga kuɗin buhu: naira 58,000, da 59,000, da 60,000, da 60,000, da 61,000, da 62,000, da 81,000. In ka tara za ka sami 441,000, ka raba gida bakwai ya ba ka 63,000. Wannan shi ake kira matsakaici. Amma duba da kyau, ciniki shida cikin bakwai ba su kai 63,000 ba. Ciniki guda na 81,000 shi ya ja lissafin sama, watakila bashi aka ba da zuwa wata uku, ko baƙo ne bai san kasuwa ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Maganin wannan shi ne a jera kuɗaɗen daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki wanda ya faɗo a tsakiyar layi. A nan na huɗu ne, watau 60,000, uku a ƙasansa, uku a samansa. Ko da baƙon nan ya biya 100,000, na tsakiya bai motsa ba. In cinikin shida ne ko takwas, sai a haɗa biyun da ke tsakiya a raba biyu. Dillalin da zai aika wa ubangidansa labarin kasuwa ya faɗi na tsakiya, ya ƙara da mafi ƙanƙanta da mafi girma, ubangidan ya san faɗin kasuwar.

Masu harkar dabbobi za su ji daɗin wannan labari. A shekarar 1906, a wani bajen kolin dabbobi a garin Plymouth na ƙasar Ingila, an sa gasar kintata nauyin naman wani sa bayan an yanka an feɗe. Wani masani, Francis Galton, ya karɓi takardun mutum 787 ya jera su, na tsakiya ya faɗo a laba 1,207. Da aka auna naman sai aka sami laba 1,198, bambancin laba 9 kacal, wajen kilo huɗu. Abin lura shi ne kowa da idonsa ya kintata. In dillalai goma duk daga baki ɗaya suka ji farashi, shaida ɗaya ka samu, ba goma ba.

Tambaya ta uku: na sari kaya a kuɗi biyu, nawa buhu ya tsaya mini?

A nan ne uwar kuɗi take zurarewa, mai ita bai sani ba. Ka sari buhu 90 a kan naira 70,000, sa'an nan kasuwa ta sauka ka ƙara buhu 10 a kan 60,000. Da yawa sai su haɗa 70,000 da 60,000 su raba biyu, su ce buhu ya tsaya 65,000. An taya 67,000, sai mutum ya sallama yana murna ya ci ribar 2,000 a kowane buhu. Ga lissafin gaskiya: buhu 90 sun ci 6,300,000, buhu 10 sun ci 600,000, jimla 6,900,000. Ka raba da buhu 100, kowane buhu ya tsaya 69,000. Ashe faɗuwar 2,000 ya yi a kowane buhu, watau naira 200,000 a kan kayan duka, tun ba a sa kuɗin mota da na dako da la'ada ba. Ƙa'idar ita ce, kowane farashi a ninka shi da yawan buhunan da aka saya a kansa, kana a tara, a raba da jimlar buhuna. A wannan wuri na tsakiya ba shi da amfani, domin kowace naira da ta fita daga aljihunka sai an ƙirga ta.

Tambaya ta huɗu: buhu nawa zan duba a cikin mota guda?

Yadda aka zaɓi buhunan ya fi yawansu muhimmanci. Wanda ya yi lodi ya san na bakin mota za a fara dubawa, don haka gwajin na baki ba ya faɗin halin na ciki. In mota ta kawo buhu 300, ka zaɓi lamba tsakanin 1 da 10 kafin a buɗe ta. In 7 ka zaɓa, sai ka soki na 7, da na 17, da na 27, haka har a gama saukewa. Ka duba buhu 30 ke nan daga ko'ina cikin motar, ba kuwa kai ka zaɓe su da ido ba, ba mai kaya ba.

In uku cikin 30 sun fito da ƙwari ko danshi, ƙiyasinka ɗaya cikin goma ne, wajen buhu 30 a motar. Amma ƙiyasi ne, gaskiyar tana iya zama 15, tana iya kaiwa 60. In kuwa ba ka ga ko ɗaya ba cikin 30, kada ka rantse babu, domin masu ƙididdiga sun nuna ɓataccen yana iya kaiwa kusan ɗaya cikin goma gwaji irin wannan bai kama shi ba. Wanda yake son ya rage kuskuren ƙiyasinsa da rabi, sai ya ninka gwajinsa wajen sau huɗu, ninki biyu bai isa ba.

Tambaya ta biyar: an ce hauhawar farashi ta ragu, me ya sa kaya ba su sauka ba?

Domin abin da ake aunawa gudun tashin farashi ne. Motar da ta rage gudu ba ta koma baya ba. Sa'an nan ma'aunin kansa yakan canja. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, ta ba da 24.48 a Janairun 2025. A tsakanin nan ta sabunta jerin kayan da take aunawa, ta kuma mayar da shekarar da take kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024. Wanda ya gwama lambobin biyu kai tsaye kamar ya auna jiya da mudu ne, yau da wani kwano.

A kula kuma da kashi cikin ɗari. Daga 40,000 zuwa 60,000 tashin kashi 50 ne, amma komawa daga 60,000 zuwa 40,000 saukar kashi 33 da ɗan ɗoriya ce, domin kowanne ana auna shi da inda ya taso. Haka nan a kwatanta kaka da kaka, damina da damina. Hatsi ya saba sauƙi in sabo ya shigo, ya yi tsada in rumbuna sun yi ƙasa, wanda ya gwama watan Nuwamba da na Yuli yanayin shekara ya auna.

Tambaya ta ƙarshe: yaya za a koya wa yaran shago?

Da abin da hannunsu ya saba taɓawa za a fara, lamba ta biyo baya. Ka tsibe hatsi tsibi biyar, wani babba wani ƙarami, ka sa yaro ya kwashe daga manya ya ƙara wa ƙanana har su daidaita, ya ga matsakaici da idonsa. Ka jera yara bakwai bisa tsawo ka nuna na huɗu, sa'an nan ka sauya mafi tsawonsu da wani dogon ɗan dako, su ga na tsakiya yana nan inda yake. Don gwajin buhu, ka zuba farin wake 90 da ja 10 a ƙwarya, yaro ya rufe ido ya ɗebi goma, ya ƙirga ja, ya mayar, ya sake. Wani ɗiban ba ja ko ɗaya, wani biyu, wani uku. Kafin ya yi sau ashirin ya gane dalilin da ba a yanke hukunci da ɗiba guda.

Daga nan sai ka ba shi littafi mai gida bakwai: rana, kasuwa, irin kaya, ma'auni, yawa, kuɗin sallama, da hannu ne ko bashi. Ko da boko ko da ajami, ya rubuta a wurin cinikin, kada ya bari sai dare. Duk ranar kasuwa ya fitar maka da na tsakiya, kai kuma ka tambaye shi ciniki nawa ya gani da idonsa, nawa aka gaya masa. Shekara ta zagayo kana da abin da za ka duba kafin ka zuba jarinka a ajiya.